Nonon Zalika a Cokalina

Ranar da idon mijina na hagu ya yi ja, rabin unguwar Dar es Salam ta koma likitoci. Matar mai shago ta ce afolo ne, a sa ruwan sukari. Maƙwabcinmu ya ce a wanke da ruwan gishiri. Wata tsohuwa kuwa da ta zo gaisuwa ƙin kallon fuskarsa ta yi, wai kada ciwon ya tsallako mata.

Sunansa Abdoulkarim, amma ni Mushe nake ce masa, wato malam da Faransanci, kamar yadda ɗalibansa suke kiransa a makarantar da yake koyar da lissafi. Shekararmu tara da aure. Allah bai ba mu haihuwa ba, kuma gara in faɗi wannan tun yanzu, domin duk abin da na aikata daga baya a nan ya samo tushe.

Ciwon bai yi kama da afolon da na sani ba. Babu kwantsa, babu ƙaiƙayi. Jan ya kewaye baƙin idon kamar zobe, zafin yana hawa har gira, haske kuwa ko na wayar hannu ne sai ya sa shi ya dafe kai. Kwana biyu yana cijewa, a na uku na ja shi asibitin ido.

Likitan ya sa masa haɓa a kan wata na'ura, ya daɗe yana leƙawa, sannan ya juyo gare ni kamar ya gane ni ce mai kunnen ji.

"Madam, wannan ba afolo ba ne. Kumburi ne a cikin gaban idon, ba a waje ba. In aka yi wasa da shi, baƙin idon zai manne da abin da ke bayansa, gani ya tafi. Ga kwalba biyu. Fari kamar madara, ki girgiza, ɗigo ɗaya duk awa biyu da rana. Garai-garai kamar ruwa, safe da yamma, shi zai buɗe baƙin idon ya huta, amma zai hana shi karatu na ɗan lokaci. Ban da su, kada komai ya shiga idon nan."

Na ce to. Na karɓi hutu a wurin aiki, na rufe labulen ɗaki, na sa wa wayata ƙararrawa.

Mushe ba majinyacin kirki ba ne. Da ya ɗauki littafi ya ga baƙaƙen sun narke, sai ya fara mita, wai an kawo shi da ido ɗaya da rabi an mayar da shi mai ɗaya. A cikin mitar nan mahaifiyarsa, Hajiya Kande, ta iso daga unguwar Kalley, da ledar goro a hannu da shawararta a shirye. Ta ɗaga fatar idonsa da yatsa, ta ga baƙin ya buɗe ya cika idon, ta yi salati.

"Mi kunka sa mishi? Ku dubi ido kamar na mage! Tun da munka tashi, nonon mai jego ake sa ma ciwon ido. Kwana bakwai, shi ke nan. Amma ba a haɗa shi da maganin nasara, sai a aje waɗannan kwalabe."

Na ce, "Hajiya, likita ya ce..."

"Likita ya haife shi?" Ta dube ni, idonta ya sauka a ƙirjina na ɗan ƙiftawa, ya ɗauke. "Da akwai a gida, ai da ba a tahi nesa ba. Zalika tana shayarwa. Gobe da sassahe ki tahi Lamordé ki amso."

Na dubi Mushe ko zai ce wani abu. Ya ce, "A yi yadda Inna ta ce." Da hannunsa ya ɗauki kwalaben ya jefa cikin kabad.

Zalika 'yar ƙanen Hajiya ce, wato taubashiyar Mushe, abokiyar wasansa tun suna yara a Maradi. Kowa a dangi ya san ita Hajiya ta so ya aura, shi kuma ya zaɓe ni. Ta auri wani ma'aikacin jami'a, ta yi ta haihuwa kamar ana biyanta. Ni da nake matarsa ba na iya kiran sunansa a gaban mutane. Ita kuwa Karimu take ce masa, ta ja masa kunne, ta ƙwace masa hula, kowa ya yi dariya a ce ai wasan taubasai ne. Ban taɓa kama su da komai ba, kuma na san babu komai. Hakan bai hana ni jin zafi ba duk ranar da ta sa shi irin dariyar da ni ban taɓa sa shi ba.

Washegari na hau taksi na ƙetare gada, da 'yar kwalba mai murfi a jaka. Na same ta a tabarma da jaririnta Habibu, ɗanta na biyar, rigarta ta jiƙe ta gaba gefe biyu.

"Yaya Balkisa, sannu da zuwa! Ƙaƙa makahon namu? Kawo kwalbar. Wallahi taimakona kinka yi, nauyi yake yi mini."

Tana magana tana tatsa, ko kallon abin ba ta yi, kamar mai murza famfo. Kafin ta gama ba ni labarin haƙoran babbar 'yarta, kwalba ta cika. Na riƙe ta a tafin hannuna a cikin taksi, da ɗuminta. A kan gadar nan na rantse a zuciyata cewa abin da ya fito daga jikin Zalika ba zai shiga jikin mijina ba.

Zan so in ce imani da likita ne ya sa ni. Akwai shi, amma shi ne ƙaramin rabo. Abin da na ƙi shi ne Mushe ya warke ya riƙa kallon duniya da idon da Zalika ta ba shi. Ban ba shi ɗa ba. Ina son ko ido ɗaya ne ya zama ni na ba shi, kuma wata rana ya san haka.

Hajiya tana jirana a gida, ta ce sai ta ga na farko da idonta. Na shiga kicin wai zan tafasa cokali. Na tafasa shi kuwa. Kwalaben likita tun da asuba na ɗauko su daga kabad na ɓoye a bayan gwangwanin shinkafa. Na girgiza farar, na matsa ɗigo uku a cokali. Wallahi ko uwar da ta tatsa ba za ta bambance ba. Na fito ina tafiya a hankali, na durƙusa, na karkata cokalin a idonsa.

"Alhamdulillahi," in ji Hajiya. "Yanzu anka fara magani."

Nonon kuwa na juye shi a gindin lemun tsamin da ke bayan kicin, na tura ƙasa da ƙafa na rufe.

Daga nan abin ya zo da sauƙi. Ɗakin duhu ne, shi kuma yana kwance ya rufe ido mai lafiyar da hannu. Sai in kaɗa cokali a jikin kofi ya ji ƙara, in ɗiga masa daga kwalba kai tsaye. Garai-garan na ce masa ruwan wanke ido ne kafin a sa nono. Da ya tambayi dalilin da ya sa ake sawa duk awa biyu, na ce Zalika ce ta ce haka ake yi. Bai yi gardama ba. Likita mai takardu ya faɗa ya yi ta mita, amma da na sa sunan Zalika a kai, sai ya riƙa tuna mini da kansa idan lokaci ya yi.

Kowace safiya kuma sai na ƙetare gada, domin Hajiya tana buga wa Zalika waya ta ji ko na je. Kowace safiya in ga rigar nan a jiƙe, in ji ƙamshin jariri, in dawo da kwalba mai ɗumi. Rana ta huɗu, kafin in zubar, na tsoma yatsa na taɓa a harshe. Zaƙi gare shi. Na zauna a kan turmi a bayan kicin na yi kuka har ƙararrawar wayata ta buga.

A ranar ne Mushe ya ce, "Balkisa, nonon ga ɗaci gare shi. Ina jin shi har maƙogwaro."

Na ce, "Ƙila shuwaka take ci."

Ya yi dariya, dariyarsa ta farko tun da ciwon ya fara. "Zalika ke nan. Ko nononta sai ya tsokane ni."

Na yi niyyar ɓata ta ne, sai ga shi na ƙara mata.

Zafin ya sauka, jan ya koɗe. Ran kwana bakwai ya yarda muka koma asibiti, ba don ya ga amfanin komawar ba, sai don makaranta tana son takardar likita. Likitan ya leƙa, ya gyaɗa kai.

"Madalla. Madam ta kula da kai. Amma ka ji da kyau, ba a tsayar da farin nan lokaci ɗaya. Za a riƙa rage shi a hankali, sati biyar. In ka yanke shi yau, kumburin zai dawo ya fi na farko."

Mushe ya ce, "To, likita," yana murmushi. Muna shiga taksi ya sunkuyo ya ce mini, "Bawan Allah. Bai san kwalabenshi suna cikin kabad ba."

Na juya ina kallon hanya. Kwana bakwan Hajiya sun cika. In nono ya tsaya, magani ya tsaya. In na faɗi gaskiya, na yi wa surukata ƙarya sati guda a cikin gidan ɗanta, kuma mace marar ɗa ba ta da igiyar da za ta riƙe ta a irin wannan rana. Da yamma na kira Hajiya, na ce da bakina, "Hajiya, tun da nonon Zalika ya karɓe shi, me zai hana a cika kwana arba'in?"

Ta ce, "Yau kinka yi magana irin ta masu hankali."

Ni na ƙara wa Zalika kwana talatin da uku na sarauta a gidana. Labari ya bazu a dangi. Masu zuwa dubiya sai su ce, Allah ya saka wa Zalika. Wata gwaggonsa ta kira daga Maradi ta ce irin Zalika ake so a gida, mai albarka har a jikinta. Ni kuwa sai a ce mini sannu da zirga-zirga, kamar direban taksi. Mushe ya fara fita tsakar gida da baƙin tabarau, ya ce idan ya warke zai saya wa Zalika turmin atamfa, in raka shi kasuwa in zaɓa.

"Ki nemi kore," ya ce. "Kore yana amsarta."

Shekara tara, ban san ko ya san launin da yake karɓata ba. Na ce to, na je na girgiza kwalba da ƙarfin da ya fi wanda ake bukata.

Ran Juma'a ta biyu, bayan an sauko daga masallaci, na ji sallama a ƙofa. Hajiya ce, Zalika na biye da ita da Habibu a goye.

"Na ce a hutar da ke yau," in ji Hajiya. "Kuma mai ɗumi ya hi ƙarhi. Ta sa mishi da hannunta, daga jiki zuwa ido."

Zalika ta kwance goyo ta miƙa wa Hajiya, ta ce in ba ta cokali. Na ba ta. Ta shiga ɗakina, ɗakin barcina, ta tatsa, ta fito da cokalin a cike tana tare shi da ɗaya hannun. Mushe yana kwance a tabarma a falo. Ta durƙusa a gefen kansa, inda nake durƙusawa.

"Buɗe, makaho. In ka ƙifta in zuba maka a hanci."

Ya yi dariya, ya cire tabarau, ya buɗe mata idon. Ta sa yatsa ta ja fatar ƙasa.

Ban san lokacin da na ƙetare falon ba. Na kama wuyan hannunta, cokalin ya kife, nonon ya zube a gaban rigarsa ta Juma'a.

"Ba za a sa ba," na ce. "Ba a taɓa sawa ba. Ko ɗigo ɗaya."

Na tafi kicin na ɗauko kwalaben daga bayan gwangwanin shinkafa, na ajiye su a tabarma. Farar ta kusa ƙarewa. Na faɗi komai: cokalin, ƙarar kofi, ruwan wanke ido, gindin lemun tsami. Ina jin tsoro, amma a ƙasan tsoron akwai wani daɗi da ba zan ɓoye ba. Yau dai zai sani.

Hajiya ta miƙe tsaye da jaririn a kafaɗa.

"Kwana goma sha biyar kina duban idona kina yi mini ƙarya? Abincin jinjiri kike amsowa ki zubar a ƙasa? Wadda ba ta san zahin nono ba ita ka yin haka! Abdoulkarim, in ni na haife ka, yau ta haɗa kayanta. Gobe motar Maradi, ta koma gidansu."

Mushe ya tashi zaune. Ya ɗauki farar kwalbar, ya kai ta kusa da fuska, ya nisanta ta, ya girgiza. Sannan ya ɗago ya dube ni da idon nan na hagu, wanda ya yi fari tas. Malamin lissafi ne, na ga yana haɗawa: awa biyu-biyu, kwana goma sha biyar, abin da likita ya ce. Fuskarsa ta fara sakewa. Bakinsa ya buɗe. Ban damu da motar Maradi ba a wannan lokacin, kalmar da za ta fito nake jira.

"Gwaggo, kak ki ga laihinta," in ji Zalika. "Ni na sa ta."

Duk muka juya. Tana durƙushe inda take, tana goge hannunta da gefen zane.

"Tun ranar da ta hwara zuwa na ce mata, Yaya, ciwon cikin ido ba na nono ba ne, kak ki bar maganin likita. Ki riƙa zuwa kina amsa don hankalin Gwaggo shi kwanta, sauran ki bar mini. Ita har ƙi ta yi, ni na matsa mata. Yau ma da kin juya baya zubarwa zan yi. In duka ne, ni za ki doka."

Ƙarya ce tsagwaronta. Ba mu taɓa yin wannan magana ba. Yatsanta yana kan fatar idonsa lokacin da na kama ta.

Hajiya ta dubi Zalika. Na ga fushin yana neman inda zai sauka ya rasa, domin a wurin Hajiya Zalika ba ta laifi. Ta koma ta zauna, ta gyara wa jaririn hula.

"Ja'ira," ta ce. "Tun kina ƙarama haka kike, sai kin yi abin da kinka ga dama." Ta harare ni. "Ke kuma ki gode ma Allah."

Mushe ya juya gaba ɗaya ya fuskanci Zalika. Sakewar nan da na gani tana tahowa a fuskarsa, a kanta ta sauka.

"Ashe ke ce," ya ce. "Ashe da ba don ke ba da na makance. Allah shi yi miki albarka, Zalika. Idon ga naki ne."

"Riƙe abinka," ta ce, "mi zan yi da idon malamin lissahi?" Suka yi dariya, har Hajiya.

Ina da baki, kuma gaskiya tana hannuna. Da na ce ƙarya take yi, da na karɓi abina, da kuma na kwana ina ɗaure kaya. Na tsaya a tsakiyar falona na auna, na ga ba zan iya ba. Na sunkuya na ɗauki cokalin daga ƙasa.

Da za su tafi na raka su bakin ƙofa. Hajiya ta yi gaba tana neman taksi. Zalika ta gyara goyonta, ta matse mini hannu, ta ce a hankali, "Kak ki damu, Yaya. Ya wuce."

Na leƙa fuskarta ina neman ko ɗan murmushin mugunta, ko ƙyallin ido irin na wadda ta ci nasara. Babu. Tausayi ne kawai, a fili. Na so ƙwarai a ce da gangan ta yi, domin da na sami abin da zan riƙe in tsane ta a kansa. Na ce, "Na gode," kuma dole ne in faɗa, domin ta cece ni.

Ƙarfe huɗu wayata ta buga. Karo na farko na girgiza kwalbar a gabansa ba tare da na ɓoye ba. Ya kwanta, ya ɗora kansa a cinyata, ya buɗe idon yana kallon silin.

"Ki sa daidai," ya ce, "yadda Zalika ta hwaɗa miki."